Me ya kamata in duba game da cin abincin yara kafin in kai ɗana gidan reno?

Maman Abdallah ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar iyaye da kuma waɗanda suka san aikin renon yara a kan wani abu da ya tsaya mini a rai. Ɗana yana da wata 14, kuma a farkon wata mai zuwa zan koma aiki na cikakken yini, saboda haka dole in kai shi gidan reno daga safe zuwa yamma. Na je gidaje biyu. Na farko su suke dafa wa yara abinci, har ma sun manna jadawalin mako a bango, kuma jadawalin ya burge ni, domin akwai shinkafa, wake, ƙwai, kifi, kayan lambu da kayan marmari. Na biyu kuwa ba sa girki ko kaɗan, iyaye ne suke kawo abincin 'ya'yansu da safe, masu reno su ajiye su ba yaro idan lokaci ya yi.

Abubuwa uku ne suke damuna. Yaron haƙoransa na gaba kawai suka fito, kuma yana da halin cika baki ya haɗiye ba tare da ya tauna sosai ba. Akwai kuma ranar da na ba shi ƙwai, gefen bakinsa ya yi ja da ƙananan ƙuraje, amma kafin yamma suka baje, ni kuma ban sake ba shi ba, ban kuma kai shi asibiti ba. Sannan tun da ya cika shekara cinsa ya ragu ƙwarai, har ina tsoron idan ba ni ce a kansa ba zai wuni da yunwa.

Zuciyata ta fi karkata ga gida na biyu, domin a ganina abin da na dafa da hannuna na san abin da ke cikinsa. Mahaifinsa kuma ya fi son na farko saboda jadawalin. Wanne ya fi aminci, kuma waɗanne tambayoyi ya kamata in yi musu kafin in yanke shawara?

Hajiya Mai Reno ta amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Na yi shekara 11 ina aikin renon yara kafin in bari, kuma shawarata ta farko ita ce kada ki zaɓi gida saboda takardar da ke bango. Rubuta jadawali aikin minti goma ne. Ki koma gidajen biyu ki nemi a bar ki ki zauna a gefe a daidai lokacin cin abincin rana, ki yi shiru ki kalla tun daga zuba abinci har zuwa kwashe kwanuka. Gidan da ya hana ki wannan ba tare da wani ƙwaƙƙwaran dalili ba, ya riga ya ba ki amsarki.

Na fara da wannan ne domin a cikin damuwarki uku, ta farko ita ce wadda ba ta ba da lokaci. Yaro mai wata 14 yana iya gatsar abu da haƙoran gaba, amma ba shi da turamen da zai niƙe shi. Turame na farko sukan fito ne tsakanin wata 13 zuwa 19, na biyu kuma sai kusan shekara biyu zuwa uku, kuma ko bayan sun fito yaro yana ɗaukar lokaci kafin ya iya sarrafa su. Hanyar iskarsa kuwa faɗinta bai wuce na ƙaramin yatsansa ba. Saboda haka duk abin da yake mulmulalle, ko mai tauri, ko mai santsi, ko mai danƙo, yana iya zama marfi a maƙogwaronsa. Ƙwayar inabi ita ce uwa-uba, domin girmanta da santsinta sun dace da hanyar iskar yaro kamar an auna, kuma idan ta shiga tana like wurin ne gaba ɗaya. Ana tsaga ta ne a tsaye gida huɗu, ba a kwance ba, domin idan aka yanka ta a kwance kowane rabi yana nan a mulmule. Haka ƙananan tumatir, haka sosej da aka yanka kamar kwabo. Ɗanyen karas da tuffa mai tauri a goga su ko a dafa su har su yi laushi. Ƙwayar gyaɗa da danginta ba a ba yaron da bai kai shekara 5 ba sai an niƙa, haka gugguru da alawa mai tauri. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa ma idan aka ba yaro cikin cokali guda tana iya manne masa, sai dai a shafa ta sama-sama ko a dama ta cikin wani abinci. Kifi kuma sai an bi shi da yatsa an cire ƙaya, ba da ido kaɗai ba.

Abin da iyaye da yawa ba su sani ba, har ma da wasu masu renon, shi ne cewa yaron da abinci ya toshe wa numfashi ba ya yin wani sauti. Wanda yake kakari yana tari, fuskarsa ta yi ja, idonsa na hawaye, wannan iska tana shiga, kuma abin da ya dace shi ne a bar shi ya yi tarinsa ana kallonsa. Wanda ya shaƙe da gaske shiru yake yi, ba kuka ba tari, sai ka ga ido ya fito, leɓe ya fara canza launi. Ya taɓa faruwa a gabana sau ɗaya, da wata yarinya mai kimanin shekara biyu da gutsuren tuffa. Ina zaune daura da ita ne shi ya sa na gani, kuma a bugu na uku da na yi mata a baya abin ya faɗo. Da a ce na juya ina goge wa wani yaro hannu, ko ina bakin ƙofa ina amsa sallama, ba abin da zan ji. Ƙwaƙwalwa kuwa tana fara lalacewa ne bayan kimanin minti huɗu babu iska, kin ga ke nan babu motar asibitin da za ta riski wannan.

Don haka idan kin je, ki lura ko yaran a zaune suke a miƙe, ko kuwa wasu suna yawo da abinci a baki. Ki lura ko mai renon tana zaune tana fuskantarsu ko tana kai da kawowa. Ki ƙirga yara nawa ne a hannun mutum ɗaya a daidai wannan lokaci, domin yawancin gidaje suna da isassun ma'aikata a takarda, amma lokacin cin abincin yara shi ne lokacin da wasu ma'aikatan suke tafiya nasu hutun. Ki lura ko ana ɗura wa yaro abinci yana kuka ko yana gyangyaɗi, domin su ne lokutan da yaro ya fi ƙwarewa. Sai kuma ki tambayi wadda take riƙe da ɗakin, ba shugabar gidan ba, me za ta yi idan yaro ya shaƙe. Amsar da ya kamata ki ji ita ce bugu 5 a baya tsakanin kafaɗu, idan bai fita ba sai matsa ciki sau 5 ga yaron da ya haura shekara, ga jariri kuwa ƙirji ake dannawa ba ciki ba, kuma ba a zura yatsa ana lalube a bakin yaro idan ba a ganin abin. A Ingila, tun daga watan Satumba na 2025, ƙa'idar gidajen reno ta wajabta a sami mai takardar shaidar taimakon gaggawa na yara a cikin ɗakin duk lokacin da yara suke cin abinci. Ko dokar inda kike ba ta ce haka ba, ke kina da damar ki nema.

Malam Duba-Gari ya amsa:

Hajiya, Allah ya saka muku da alheri, ba ni da abin da zan ƙara a kan bayaninku. Ni zan taɓo inda Maman Abdallah ta ce abin da ta dafa da hannunta ta san abin da ke cikinsa. 'Yar'uwa, kin san abin da ke cikinsa da ƙarfe shida na safe, amma ɗanki ba zai ci shi ba sai ƙarfe goma sha biyu ko ɗaya, kuma abin da ya faru da kwanon a cikin waɗannan awanni shida shi ne abin tambaya.

Aikina duba wuraren girki ne, kuma ƙa'idar da muke aiki da ita ba ta da wuyar riƙewa. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa cikin sauri a abincin da zafinsa yake tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Selshiyas, har wasunsu suna ninka yawansu cikin kimanin minti 20 idan yanayi ya yi musu daɗi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye a zafin ɗaki. Ko dai ya shiga firij mai sanyi ƙasa da digiri 5, ko a riƙe shi da zafi sama da digiri 60, idan kuma za a ɗumama shi, a ɗumama har ya kai digiri 70 ciki da waje, sannan a bari ya huce a ba yaro. Kular da ba ta riƙe zafi da kyau ita ce mafi hatsari, domin tana ajiye abincin ne da ɗumi-ɗumi na tsawon yini, wato daidai yanayin da ƙwayoyin suke so.

Na ga kin ambaci shinkafa, bari in ɗan tsaya a kanta. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus wadda irinta yake jure tafasa. Idan dafaffiyar shinkafa ta daɗe a ajiye da ɗumi, irin yakan farfaɗo ya saki dafi a cikinta, kuma wannan dafin ɗumame ba ya kashe shi. Shinkafar za ta yi kyau a ido, ba wari ba yami, amma cikin 'yan awanni yaro ya kama amai. Mutane sukan ce sun shinshina sun ji lafiya lau, alhali hanci yana gane abincin da ya lalace ne kawai, ba ya gane mai cutarwa.

Ba don in tsorata ki ba, amma ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ta nuna cewa kimanin mutum miliyan 600 ne suke kamuwa da ciwo daga gurɓataccen abinci a kowace shekara, 420,000 suna mutuwa, kuma 125,000 daga cikin masu mutuwar yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Gudawar da babba zai yi kwana biyu ya warware, ƙaramin yaro tana iya tsotse masa ruwan jiki cikin yini ɗaya.

Saboda haka a gida na biyu ki nemi a buɗe miki firij ɗin. Ki duba ko akwai ma'aunin sanyi a ciki, ko kowane kwano yana ɗauke da sunan yaro da kwanan wata, kuma ki tambayi abin da suke yi idan wuta ta ɗauke. A gida na farko ki shiga ɗakin girkin, ki ga ko katakon da ake yanka ɗanyen nama ko kaza a kansa shi ne ake yanka kayan marmari, ki ga ko ɗanyen nama yana can ƙasan firij inda ruwansa ba zai ɗiga a kan wani abu ba, ki kuma tambayi ruwan da suke girki da shi da wanda yara suke sha. A duka gidajen biyu kuwa akwai abu guda da ni a wurina ya fi komai, wato nisan da ke tsakanin inda ake canza wa yara famfas da inda ake haɗa abinci, da kuma ko akwai wurin wanke hannu da sabulu a tsakaninsu. Yawancin gudawar da take zagaye gidan reno daga hannu take tafiya, ba daga tukunya ba. Wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 shi ne maganin, man goge hannu mai sinadarin giya kuwa ba ya yi wa ƙwayar norobairos wani tasiri sosai, alhali ita ce kan gaba wajen haddasa amai da gudawa a wuraren da yara suke taruwa. Ki tambaye su ko suna mayar da yaro ko ma'aikaci gida har sai ya yi awa 48 ba amai ba gudawa. Iyaye sukan ji haushin wannan doka ranar da ta faɗo a kansu, amma gidan da ba ya aiki da ita ɗanki zai riƙa kwaso ciwo ne bi da bi.

Ga masu jarirai da za su karanta wannan, madarar jarirai ta gari ba tsarkakakkiya ba ce daga ƙwayoyin cuta ko da gwangwanin sabo ne, shi ya sa ake haɗa ta da ruwan da aka tafasa wanda zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, sannan a sanyaya, kuma abin da ya rage a fida bayan awa biyu zubarwa ake yi. Nonon uwa da aka tatsa yana kai awa 4 a ɗaki mai matsakaicin sanyi, a firij kuma kwana 4, kuma ba a ɗumama shi a maikirowef, domin wani ɓangaren yakan yi zafin da zai ƙona bakin jariri alhali kwalbar a hannu ba ta da zafi. Zuma kuwa ba a ba jaririn da bai cika shekara ba ko da ɗigo ne, saboda irin ƙwayar da ke haddasa ciwon botulizim mai shanye jiki.

Idan kin tambaye ni ra'ayina, gidan da yake girki a ba yara nan take ya fi aminci, matuƙar ɗakin girkin ya ci jarrabawa.

Maman 'Yan Biyu ta amsa:

Ni maganar ƙwan ce ta sa na shigo. 'Yar'uwa, don Allah ki kai shi wurin likita kafin ranar da zai fara zuwa, ki faɗi yawan abin da ya ci, yadda aka dafa shi, da minti nawa aka yi kafin jan ya fito. Mai yiwuwa ba komai ba ne illa fatar bakin ce ta ji ƙwan, mai yiwuwa kuma alaji ne, wato jiki ya ƙi karɓar wani abinci, kuma ba a gane girman na gaba daga ƙanƙantar na baya. Gidan reno ba wurin gwaji ba ne.

Ɗaya daga cikin tagwayena jikinsa ba ya karɓar gyaɗa. A gidan da na fara kai su, na faɗa wa shugabar da baki ranar rajista, ta ce ta ji, ni kuma na saki jiki. Bayan wata biyu aka sami sabuwar ma'aikaciya wadda ba wanda ya gaya mata, wani yaro kuma ya zo da biskit mai gyaɗa ya gutsura wa ɗana. Kafin in iso fuskarsa ta kumbura, muryarsa ta dushe, sai da muka kwana a asibiti. Ban ɗora wa ma'aikaciyar laifi ba, domin ba ta sani ba, kuma ni ma na yi sakaci da na yarda da magana ta fatar baki.

Yanzu abin da nake nema a rubuce yake. Takarda mai hoton yaro, da sunan abincin da ba ya ci, da alamomin da za a lura da su, da abin da za a yi mataki bayan mataki, ɗaya a ɗakin girki ɗaya a ɗakin da yake cin abinci. Alamomin da ba a jira a kansu su ne kumburin harshe ko maƙogwaro, dushewar murya, numfashi mai ƙara, ko yaro ya yi laushi ya yi fari fat. A nan allurar adirenalin ce magani, ana yin ta a gefen cinya ta waje nan take, a kira motar asibiti, sannan a kira iyaye, ba a fara da kiran iyaye ba. Maganin ƙaiƙayi na ruwa yana kwantar da ƙuraje ne kawai, ba ya buɗe hanyar numfashi. Kuma allurar da aka kulle a ofishin da mai mabuɗinsa ya fita, daidai take da babu.

A Amurka doka ta ware abinci 9 da dole a bayyana su a jikin kwali, wato madara, ƙwai, gyaɗa, 'ya'yan itatuwa masu ɓawo irin su kashu, kifi, dangin jatan lande da ƙaguwa, alkama, waken soya, da riɗi wanda aka ƙara a 2023. Ki lura da cewa ƙwai yana ɓoye a cikin kek, biskit da wasu nau'o'in taliya, don haka mai girki sai ta iya karanta bayan kwali. Ni a ganina ya kamata kowane gidan reno ya hana shigo da gyaɗa gaba ɗaya, kuma iyaye su jinkirta ba yara irin waɗannan abubuwa har su yi wayo.

Malama Nas ta amsa:

Maman 'Yan Biyu, Allah ya ƙara wa yaronki lafiya. Na yarda da duk abin da kika faɗa game da rubutaccen tsari, amma jimlarki ta ƙarshe tana buƙatar gyara, domin shawarar jinkirtawa tsohuwa ce kuma likitoci sun bar ta. Wani bincike da ake kira LEAP, wanda Farfesa Gideon Lack ya jagoranta a Landan aka buga sakamakonsa a 2015, ya bi jarirai sama da 600 masu hatsarin kamuwa da alaji har suka kai shekara 5. Waɗanda aka fara ba su gyaɗa tun suna jarirai, a yanayin da ba zai shaƙe su ba, sun sami raguwar alajin gyaɗa da kimanin kashi 80 cikin ɗari idan aka kwatanta da waɗanda aka hana. Saboda haka ga yaron da bai nuna wata alama ba, ana fara waɗannan abinci ne daga kusan wata 6, ɗaya bayan ɗaya, a gida, da rana, inda uwa za ta iya lura da shi. Abin da ya dace gidan reno ya yi shi ne kada ya zama wurin da yaro zai fara ɗanɗana su. Jariri mai tsananin ƙyasbi ko ƙaiƙayin fata, ko wanda wani abinci ya taɓa tayar masa da ƙuraje kamar Abdallah, shi likita ne zai tsara yadda za a yi.

Hana gyaɗa a gida gaba ɗaya kuwa ba laifi ba ne a ɗakin ƙananan yara masu ɗaukar abincin juna, sai dai kada ya sa a saki jiki. Ba za a iya hana madara da ƙwai da alkama ba, alhali madara da ƙwai su ne suka fi yawa a alajin ƙananan yara. Abin da yake kare yaro shi ne hana musayar abinci, ware masa kwanonsa da cokalinsa, da wanke hannu da tebur da sabulu, domin man goge hannu ba ya cire furotin ɗin gyaɗa daga fata.

Maman Abdallah, damuwarki ta uku ita ce mafi sauƙi. Jariri yakan ninka nauyin haihuwarsa sau uku a shekarar farko, daga nan sai girman ya lafa, ya koma ƙarin kilo 2 zuwa 3 a shekara. Jikin da ya rage saurin girma dole ya rage ci. Idan katin awonsa yana tafiya daidai kuma yana wasa da kuzari, ba yunwa yake ji ba. A shekarunsa ana son ya ci abinci sau 3 zuwa 4 a yini da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu, kuma ki auna cinsa a mako, ba a zama ɗaya ba. Abin da nake so ki ji tsoro shi ne mai renon da za ta ɗura masa don ta faranta miki da labarin ya cinye. Aikin babba shi ne ya zaɓi abin da za a ci da lokaci da wuri, yaro kuma shi zai yanke yawan da zai ci. Sabon abinci yakan ɗauki gwaji 10 zuwa 15 kafin yaro ya karɓa, kuma sau da yawa yaron da yake ture kayan lambu a gida yakan ci a cikin tsaransa don ya ga suna ci.

A jadawalin nan kuma, abin da ba a rubuta ba ya fi abin da aka rubuta muhimmanci. Ki tambayi gishiri nawa da dunƙulen ɗanɗano nawa suke sakawa, domin yaro mai shekara 1 zuwa 3 bai kamata ya wuce giram 2 na gishiri a yini ba, wato ƙasa da rabin ƙaramin cokali, har da wanda yake cikin burodi da biskit. Ki tambayi abin da ake ba su tsakanin abinci da abin da suke sha. Yaron da bai kai shekara 2 ba ba ya buƙatar ƙarin sukari ko kaɗan, ruwan 'ya'yan itace kuwa ko na asali ne kada ya wuce mililita 120 a yini, kuma cin ɗan itacen kansa ya fi. Ki tabbatar akwai abinci mai sinadarin ayon, wato sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, kowace rana, kamar nama, kifi, wake ko ganye, tare da lemu ko tumatir da suke taimaka wa jiki ya tsotse shi. Shayi yana hana tsotsarsa, madarar shanu kuma idan ta yi yawa tana cika cikin yaro ta hana shi cin abin da zai ba shi jini, kuma wannan yana cikin manyan dalilan ƙarancin jini a wannan shekaru. Idan har yanzu yana shan nono, ki ci gaba da ba shi safe da dare, domin komawa aiki ba ya wajabta yaye.

Maman Abdallah ta dawo:

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Na bi shawarar Hajiya na koma gidajen biyu a lokacin abincin rana.

A gida na biyu, wanda na fi so da farko, kwanukan yara suna jere ne a kan kanta a cikin jakunkunansu tun safe, domin firij ɗin ƙarami ne kuma madarar jarirai ta cika shi. Mai renon tana da kirki ƙwarai, amma ita kaɗai ce da yara tara, tana buɗe wa wannan kwano tana bin wancan da cokali, kuma na ga yaro yana zagaye ɗakin da yankan tuffa a hannu. A gida na farko an zuba abincin yana tururi aka bari ya huce, yara shida suna zaune a tebur, ma'aikata biyu suna zaune tare da su. Da na tambayi ɗayarsu maganar shaƙewa, sai ta ɗauko 'yar tsana ta nuna mini a aikace. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne da yamma biskit mai zaƙi da lemun kwali suke bayarwa, kuma ba su da wata takarda ta alaji, sai dai shugabar ta ce duk tana riƙe da su a ka.

Mun ga likita jiya. Ya ce a dakatar da ƙwai har sai an yi masa gwaji nan da mako biyu, kuma ya rubuta mini takarda in kai musu. Na yanke shawarar kai shi gida na farko, bisa sharaɗin a manna takardar da hotonsa a ɗakin girki da ɗakinsu, kuma ni zan riƙa kawo masa ayaba ko gwanda a madadin biskit ɗin. Mahaifinsa yana ta murna wai shi ya yi gaskiya, ni kuma na ce masa ba jadawalin ne ya ci ba.

Hajiya Mai Reno ta ƙara da cewa:

Madalla, 'yata. Abu ɗaya ya rage. Ki tambaye su wa yake riƙe ɗakin ranar da ɗaya daga cikin ma'aikatan nan biyu ba ta zo ba, kuma ki nemi a nuna wa wannan mutumin takardar a gabanki. Bayan mako uku ko huɗu kuma ki sake leƙawa da tsakar rana ba tare da kin sanar da su ba. Ayabar ma ki ce a tsaga ta a tsaye kafin a yayyanka.